Gwaggo Kaltume da Yayen Nuru

A bakin wani mai turin baro Humaira ta fara jin sunan Kaltume, ranar da suka taso daga Kano da kayansu suka sauka a tashar Birnin Kudu. Jigawa ba ta daɗe da zama jiha ba a lokacin, 'yan ƙasa da ke neman abinci a Kano suna ta tattarowa suna komowa gida, kuma mahaifinta Malam Dabo direba yana cikinsu. Mai baron ya dubi katifu da tukwane, ya dubi Malam Dabo, ya ce, "Au, ai ƙanin Kaltume ne. Ku biyo ni, na san gidan." Malam Dabo ya haɗe rai, don ba ya so a ce a garinsu da sunan mace aka san shi. A hanya Humaira ta ja zanen mahaifiyarta ta tambaya wace ce Kaltume. Aka doke mata baki. "Gwaggonki ce, yayar babanki. Kar in ƙara jin sunan nan a bakinki."

Suka tarar da ita a ƙofar gida tana ɗaura mayafi za ta fita. Doguwa ce baƙa, mai faɗin ƙafa, goro a kunci. Ba ta tsaya dogon gaishe-gaishe ba. Ta nuna musu ɗakunan da ta share, ta kama haɓar Humaira ta duba idonta da harshenta kamar mai tayin akuya, ta ce, "Wannan tana da tsutsar ciki," ta wuce wajen wata mai naƙuda.

A Kiyako aka haife ta. Aure ya kawo ta cikin gari, gidan Dogara ɗan kamasho, mutum mai yawan dariya da ƙarancin cefane. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ɗa ɗaya ƙasa ta bar mata, Sabo, shi ma ya bi motar shanu zuwa Kudu ya zauna can, sai dai saƙon gaisuwa. Da Dogara ya rasu ba ta sake aure ba. Ta ce ta dafa wa namiji iya nata rabon. Ungozomanci ta koya wajen tsohuwar da ta riƙe ta, kuma da shi ta shiga kusan kowane gida a unguwarsu, har ta san wace ƙofa ce ake ɗagawa kafin a tura.

Wannan shigar gidajen ita ta ja mata aikin ɗigo. Da gwamnati ta fara bin gida-gida da maganin rigakafin shan-inna, ma'aikatan lafiya maza suka riƙa tsayawa a zaure ana ce musu matan gida ba sa fitowa. Aka nemi matan da ba a yi wa iso. Mai unguwa ya ba da sunanta. Aka rataya mata kular ƙanƙara a kafaɗa, aka ba ta alli na yi wa bango alama, daga nan yara suka sa mata suna Mai Ɗigo. Ba wai ta yarda da abin ba ne da farko. Ta sha faɗa wa Humaira cewa ita dai ta ga aiki ne na tafiya, ƙafarta kuma ta saba.

Abin da ya sauya mata tunani bayanin Malam Abdulmuhaimin ne, jami'in lafiyar da ke kula da su. Wata rana a wajen bita ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni fa tambaya ake yi mini ba ni da amsa. Kowane magani na kirki allura ne. Wannan me ya sa a baki? Kuma me ya sa ba ya ƙarewa? Yaro ɗaya mu ɗiga masa da rani, mu ɗiga masa da damina, uwar ta ce ko cikinsa randa ce."

Malam Abdulmuhaimin bai yi dariya ba. Ya ce ciwon ta baki yake shiga, a hanji yake sauka ya hayayyafa, daga can ne yake hawa ya kashe ƙafa, daga can ne kuma yake fita a kashi ya kama yaron maƙwabta. Allura takan sa masu gadi a cikin ɗaki. Ɗigo kuwa a zaure yake sa su, wato a jikin hanjin kansa, inda ɓarawon zai fara taka ƙafa. Ya ce a bangon hanji akwai wasu 'yan wurare da aikinsu ke nan, su ɗanɗani abin da ya wuce su kai wa jiki labari, jiki ya shirya. To idan cikin yaro yana gudu, maganin sai ya wuce kamar baƙon da bai yi sallama ba, masu gadin ba su ga fuskarsa ba balle su gane ɗan'uwansa, wato ciwon, in ya zo. Shi ya sa ake maimaitawa, don ba wanda ya san wane ɗigo ne ya zauna. Ya ƙara da cewa ya karanta masana suna ta ƙoƙarin haɗa rigakafi mai neman masu gadin nan da kansa ya manne musu, yadda ƙarangiya ke kama zane, amma abin yana ɗakin bincike tukuna.

Kaltume ta ce, "To a ce musu su yi sauri, Malam. Gwiwa ba ta jiran bincike."

Tun daga ranar ta daina ɗiga wa yaro ta wuce. Sai ta tambayi yadda cikinsa yake. In aka ce yana zawo, ta ɗiga masa dai, amma ta riƙe gidan a ranta ta komo. Wannan ya ninka mata tafiya. Shekara ta bi shekara, zagaye ya bi zagaye, kular nan ta yi mata kanta a kafaɗa. Ta sha baƙar magana har ta daina jin ɗacinta. Wata ta ce mata, "Zazzaɓi na kashe mana yara ba ku kawo ko ƙwaya ba, sai wannan na kyauta kuke bin mu da shi har gado." Kaltume ta ce, "Gaskiyarki. Buɗe masa baki." Da jita-jita ta yi yawa cewa maganin yana hana haihuwa, gidajen da ta yanke wa 'ya'yansu cibiya suka riƙa sakaya ƙofa in sun ji takunta. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Takan tsaya a inuwar bango ta jira, ta tafi, ta dawo gobe. Ta daina zama a gidajen mutane ko an shimfiɗa mata tabarma, aka ce girman kai ne, alhali tashin ne ya fara gagararta. Da yamma takan kwance tsumman da take ɗaure gwiwoyinta da shi, ta shafa man zafi, ta zauna tana kallon kaji.

A cikin waɗannan shekarun Humaira ta gama sakandare, ta auri Munzali, malamin Islamiyya ɗan gidan malamai na Gwaram da aiki ya kawo shi Birnin Kudu. Shekara na zagayowa ta haifi namiji a hannun Gwaggo Kaltume, aka sa masa Nuru.

Ɗan fari ne, kuma a danginsu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba, in aka tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai ta bar wani ya amsa. Humaira ta yi boko, ta san zuciyarta, amma ta tashi ta ga mahaifiyarta tana yi wa yayanta haka, kuma ta ji yadda ake yi da matar da ba ta yi. Don haka "yaron gidan nan" take ce masa, a gaban mijinta ma.

Nuru ya sha ɗigo, amma Kaltume ba ta taɓa gamsuwa ba. Yaro ne mai laulayin haƙori. Kusan duk zagayen da ya zo sai ya tarar da cikinsa a sake. Takan matse masa kunci ta ɗiga, ta bi shi da kallo ta ce, "Kai dai kwando ne, maigida. Ana zubawa kana tsiyayarwa."

Da lokacin yaye ya yi, cikin damina, aka ɗauke shi aka kai wa kakarsa ta wajen uba a Gwaram, Hajiya Halimatussa'adiyya, wadda ba ta yarda a gutsure mata suna. A ƙa'ida uwa ba ta bin yaro gidan yaye, ba ta aika tambaya. Sai ya manta nono a dawo da shi.

Wata Asabar Munzali ya dawo daga gaida mahaifiyarsa. Yana cin abinci yana ba da labarin gida. Ya ce rufin zaure yana yoyo. Ya ce Ɗanbala, ɗan maƙwabcinsu da ke wasa a tsakar gidansu kullum, ya yi zazzaɓi ya tashi ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, har ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗebi kashinsa, an ce za a yi zagayen ɗigo a makon nan. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Mutuminki kuwa Hajiya ta sa shi a gaba. Kullum da safe sai ta ba shi jiƙon filasko da tsamiya, wai sai ta wanke masa tsohon nono tas. Haka ta yi mana duka."

Humaira tana riƙe da ludayi. Ta san filasko, ta san abin da yake yi wa ciki, kuma ta sha jin bayanin zaure da masu gadi a bakin gwaggonta har ta haddace. Masu ɗigo za su zo su ɗiga su wuce, gari ya waye a bi shi da jiƙo. Ciwon kuma yana bayan katanga. Ta so ta yi magana, ta fasa. Magana ce a kan ɗan fari, kuma gyara ne ga surukarta, a gaban ɗan da surukar ta haifa. Ta ce, "A ƙaro miya?"

Washegari da hantsi ta nemi izini ta tafi gidan Gwaggo. Ta same ta a bakin ƙofa, ƙafafu a miƙe, tana wanke kular da za ta fita da ita gobe. Humaira ta gaishe ta, ta yi maganar ruwan sama, ta yi maganar gyaɗar da aka ce ta yi kyau a Wurno, ta tambayi kazar da ta yi kwanci.

"Kazar tana gaishe ki," in ji Kaltume. "Ke da kika yi makaranta har aji shida, kaza ce ta fito da ke da rana tsaka?"

"A'a, Gwaggo. Dama cewa aka yi a Gwaram wani yaro ƙafarsa ta mutu."

"Allah ya ba shi lafiya. Gwaram ai da nisa."

"Maƙwabtan su Hajiya ne."

Kaltume ta ajiye soso. "To?"

"Wai kuma Hajiya tana jiƙa filasko."

"Wa take ba wa? Cikinta ne ya ɗaure?"

Humaira ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Hawaye ya ɗiga a kan yatsanta. Kaltume ta daɗe tana kallonta, sannan ta ja tsaki, ba da ƙarfi ba.

"Ku dai kun iya wahalar da tsofaffi. Miƙo min sandar can."

Ta tafi ofis ta sami Malam Abdulmuhaimin. Ya ce Gwaram ba ƙaramar hukumarsu ba ce, suna da ma'aikatansu, za su shiga gidan. Ta ce ta sani, shiga za su yi su fita, ita zama za ta yi. Sai ya gaya mata abin da dama ya daɗe yana ɓoye mata: daga sama ana matsa masa ya sa 'yan mata masu karatu, shi ne yake ta kare ta da cewa ba ta taɓa fashi ba. In ta tafi a ranar fita, ba shi da sauran abin faɗa.

"Inna, ba zan iya riƙe miki gurbin ba."

Ta sauke kular ta ajiye masa a kan tebur. "An wanke ta. Igiyar ce ta kusa tsinkewa, a gaya wa yarinyar."

Abin da ya faru a Gwaram, daga baya Humaira ta tsinto shi, wani a bakin Gwaggo, wani a bakin matan gidan. Kaltume ta shiga ƙaramar bas da ƙullin kayanta, aka matse ta tsakanin buhun masara da wani mai awaki, ta sauka gwiwoyi sun kumbura. Ta san ba za ta iya shiga gidan surukai a matsayin mai duba yadda ake yaye ba, wannan cin fuska ne da zai iya taɓa auren. Amma akwai ƙofar da ba a rufe wa kaka, ƙofar wasa da jika. Tun daga zaure ta ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Ina mijin nawa da ya gudu ya bar ni ba cefane?"

Hajiya Halimatussa'adiyya ta fito da carbi a hannu, 'yar gajeriya fara mai tsabta kamar ƙwai. Ta gane ta, ta kuma karɓi wasan. "Maraba da mai biko. Mijin da ba shi da ko wando kike bi har Gwaram? Lallai maza sun yi tsada a Birnin Kudu."

"Haka na gan shi nake so. Ku fito min da shi."

Aka kawo Nuru, ya rame, ido ya faɗa. Kaltume ta ɗora shi a cinya ta latsa cikinsa, ta ji shi kamar salkar da aka juye. 

Da safe Hajiya ta fito da ɗan kofin silba, jiƙon ya yi baƙi-baƙi. Ta zauna ta jawo yaron. Kaltume ta miƙa hannu. "Kawo, Hajiya. A garinmu mace ce ke fara ɗanɗana wa miji." Ta karɓa ta kafa kai ta shanye, ta mayar da kofin. "Af. Hannu ya zarce."

Matan gida suka yi dariya, Hajiya ma ta murmusa. Kafin azahar Kaltume ta san hanyar banɗakin gidan fiye da masu gidan. Washegari ta sake yi. Wannan karon Hajiya ba ta murmusa ba. Da aka sake kwana, Hajiya ta jiƙa da asuba tun baƙuwa ba ta fito ba, amma tana ɗaga labule ta ganta zaune a bakin ƙofa da yaron a cinya, fuska ta zabge, leɓe ya bushe, hannu a miƙe.

Hajiya ta kori matan gida ta zauna. "Malama Kaltume, mu bar wasa. Duk 'ya'yan gidan nan da wannan na yaye su, ga su nan malamai ne. Aiko ki aka yi?"

"Wa zai aike ni? 'Yar taki ko sunansa ba ta iya faɗa."

"To mene ne?"

Kaltume ta yi mata bayanin yadda ta iya, da zauren da masu gadin da baƙon da ke wucewa ba sallama. Ta ce, "Ban ce maganinki ba shi da kyau ba. Cewa na yi shara yake yi, kuma ba ya tambayar abin da yake sharewa. Yau ko gobe za a kawo ɗigo. Ina so ya tarar da wurin zama. Kin ga Ɗanbala."

Hajiya ta juya carbinta. Ta ga Ɗanbala, jiya ma uwarsa ta shigo da shi a kafaɗa, ƙafafun suna reto. Amma ba ta ce ta yarda ba, kuma har ta rasu ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Cewa ta yi, "Ciwo da lafiya na Allah ne. Amma baƙuwa ba za ta mutu min a banɗaki a ce gidan malamai sun kashe surukuwa ba. Na ajiye har ki tafi."

"Madalla," in ji Kaltume. "A ƙara min tabarma, ƙasan ɗakin da sanyi."

Ba ta tafi ba. Ta dama wa yaron kunun gyaɗa, ta tafasa masa ruwan sha, ta hana shi tsakar gida inda yara ke tsuguno. 'Yan matan ɗigo suka zo ta sa suka ɗiga masa, ta kuma roƙe su su biyo ta ƙofar a ranar da za su rufe zagaye, lokacin cikin ya fara kamawa. Suka biyo don sun ji kunyar furfurarta. Da aka gama, Hajiya ta fara tambayarta ko ba a kewarta a gida. Kaltume ta ce ba mai kewarta sai kaji. Ta zauna har zagaye na gaba, tana tsince wa gidan shinkafa, suna zaman doya da manja da mai gidan, kowace ta san abin da ɗayar take jira.

A Birnin Kudu kuwa Humaira ba ta da hanyar tambaya. Munzali in ya je ya dawo sai ya ce, "Suna gaishe ki. Gwaggonki ta tare mana a gida." Wani zuwan ya ce yaron ya ɗan yi zazzaɓi, ya wuce zancen kuɗin makaranta na ɗalibai. Ranar tuwo ya ƙone, ta ce itacen ne ɗanye. Ta riƙa lura da fuskarsa duk sanda ya shigo, tana neman abin da bai faɗa ba. In ta ji kukan yaro a maƙwabta sai nononta ya tsatso, ta shiga ɗaki ta sauya riga.

Damina ta ja baya, gero ya fara sunkuyawa. Wata la'asar Humaira tana tankaɗe a tsakar gida, matan maƙwabta biyu suna taya ta hira, sai aka yi sallama da muryar da ta sani, amma ta dushe. Kaltume ta shigo tana dogara sanda, ta faɗa sosai, zane ya yi mata yawa, goyo a bayanta. Ta tsaya a bakin zaure ta kwance majanyi, ta zame yaron ƙasa a hankali, ta sake shi.

Humaira ba ta ɗaga kai ba. Rariya tana hannunta tana kaɗawa, garin ya riga ya ƙare. Ta gefen ido take kallo. Nuru ya tsaya yana riƙe da zanen Gwaggo, ya dubi gidan kamar bai san shi ba. Sai ya hango ɗan tsako, ya saki zanen, ya taka, dama, hagu, dama, ya bi shi da gudu har bakin rijiya. Maƙwabciya ta sure shi tana cewa ya yi wayo. Humaira ta ce, "Sannu da hanya, Gwaggo," ta shiga madafa ɗebo ruwa, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba wanda zai iya cewa ɗigon ne ya tsare shi, ko dama ciwon ba zai same shi ba. Kaltume ma ba ta taɓa cewa ita ce ba. In an yi zancen sai ta ce ita dai ta sha filaskon da ya ishe ta har lahira.

Gurbinta kuwa an ba wata yarinya, Fiddausi, mai saurin tafiya da kyan rubutu. Kaltume ba ta je ofis neman komawa ba. Tafiyar Gwaram ta ƙarasa gwiwoyin, daga ɗaki sai bakin ƙofa. Ungozomancin ma sai wanda aka kawo mata har gida. A nan bakin ƙofar take zama ranakun zagaye, tana kallon 'yan mata suna wucewa da kuloli, suna tsayawa a ƙofa su ce, "Akwai yara?" a ce babu, su ja alli su yi gaba.

A irin wannan rana ce Humaira ta kawo mata kunu, lokacin cikinta na biyu ya fara fitowa. Kaltume ta karɓa ta ajiye ba ta sha ba. Ta nuna 'yan matan da haɓa.

"Kin gan su? Ba laifinsu. Gidaje da yawa, rana da zafi, ba su da lokacin zama su karanci fuskar mutum. Ni ma da na karanta taki, don ni na yanke wa ɗanki cibiya ne." Ta gyara ƙafarta da hannu biyu. "Abu ɗaya zan roƙe ki, Humaira. Ban ce ki goya shi a kasuwa ba, ban ce ki yi masa rawa a gaban surukai ba. Ki riƙe kunyarki, adonki ce. Amma in masu kula suka tsaya a ƙofarki suka tambaya, kar ki tura musu maƙwabciya. Ki fito da kanki. Ki ce kina da yaro, ki faɗi inda yake, ki faɗi yadda cikinsa yake. Ko da wa ke zaune a wurin. Ni ba zan ƙara iya hawa motar Gwaram ba."